Kafin ka kawo kifin gar gida, lissafa ruwa da wuta da lafiyar yara

Kwanakin baya wani magidanci daga Gadaka ya shigo kantin maganin da nake aiki a Potiskum, ya ce in ba shi kafso, irin ja da yalo ɗin nan. Na ce, “Malam, wa ke ciwo?” Sai ya miƙo mini waya ya ce, “Hajiya, kifina ne ya daina cin abinci.” A hoton akwai wani kifi siriri mai dogon baki cike da haƙora, cikin ɗan akwatin gilashi da ruwansa ya yi duhu. Sunansa gar. Ban sayar masa da kafson ba, amma mun daɗe muna hira, kuma ita ce zan kawo maka yau.

Gar ba kifin ƙasarmu ba ne, asalinsa kogunan Amurka ta Arewa da ta Tsakiya ne. Ana sayar da shi yana ɗan ƙarami kamar biro, shi ya sa yake ruɗar mai saye. Irin da ake kamanta bakinsa da na kada yakan wuce mita 2, nauyinsa ya haura kilo 100. Wannan ba na falo ba ne ko kaɗan. Ko ƙananan irinsa masu ɗigo-ɗigo sukan kai santimita 60 zuwa 90, ga jikin nasu ba ya lanƙwasuwa sosai, don haka suna son wuri mai faɗin da za su juya. Ka tambayi mai sayarwa wane iri ne, in ya kasa gaya maka, riƙe kuɗinka.

Sai lissafin ruwa. Tankin da zai riƙe ƙaramin irin idan ya girma zai ci kusan lita 1,000, wato jarka 40 mai lita 25. Kowace lita kilo ɗaya ce, ka ga tan guda ke nan, ba a ɗora shi kan teburin falo. Kowane mako kuma za ka sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, jarka 10 ke nan. In daga ’yan garuwa kake saye, saka wannan cikin kuɗin cefane tun yanzu. Ruwan famfo mai kulorin a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe, ko a sa masa maganin cire kulorin, kafin a zuba.

Abin da ya sami kifin mutumin Gadaka shi ne ruwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda ke ƙona masa matattarar numfashi. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama cikin matatar tanki su ne ke mayar da ita abin da ba shi da illa sosai. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, don haka ake barin sabon tanki yana aiki, ana ɗan sa masa abincin kifi, kafin a kawo kifin. Shi kuwa ranar da ya sayi tanki ranar ya saka kifi.

Su waɗannan ƙwayoyin suna buƙatar ruwa mai gudana, ka kuma san halin wutarmu. Gar na iya leƙo kai ya shaƙi iska, don haka ɗauke wuta ba ya kashe shi nan take, amma matata in ta daɗe a tsaye ƙwayoyin cikinta sai su mutu. In ba ka da sola ko batir, dakata tukuna. Kifin ya fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 28, alhali zafinmu na Afrilu yakan wuce 40, hunturu kuma ya zo da sanyin dare. Ajiye tanki nesa da taga da rana.

To me ya sa na hana shi kafso? Antibayotik ba ya bambance ƙwayar cuta da mai amfani. In ka juye shi a tanki zai kashe na matata, amoniya ta ƙaru, kifin ya ƙara galabaita. Sannan ruwan a zubar a kwata, inda ƙwayoyin cuta ke koyon jure maganin da ɗanka zai buƙata gobe. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya. In kifi ya canja hali, fara da sauya ruwa da rage abinci, in bai warware ba ka nemi likitan dabbobi.

Uwargida, ga naki ɓangaren. Ƙwan gar guba ne ga mutum, yana sa amai da gudawa mai tsanani. Mun saba cin ƙwan tarwada, to wannan ko ya mutu kada ya shiga tukunya. Ruwan tanki na iya ɗaukar ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, musamman ga yara ’yan ƙasa da shekara 5. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, kada a zuƙo ruwan da baki ta tiyo, kada a wanke kayan tanki inda ake wanke-wanke. Mai rauni a hannu ya sa safar roba, domin akwai wata ƙwaya, dangin mai kawo tarin fuka, da ke shiga ta ciwo. Bayan makonni sai ƙurji ya fito ya ƙi warkewa, maganinsa kuma na watanni ne. In kin ga haka ki gaya wa likita kuna kiwon kifi. A sa wa tanki murfi mai ƙarfi, don kifin na tsalle, yaro kuma na leƙe. Soket ya kasance sama, inda ruwa ba ya kai.

In ya fi ƙarfinka kada ka sake shi a rafi ko kududdufi. A 2022 sai da hukumomin birnin Ruzhou na ƙasar Sin suka janye ruwan wani tafki don kamo irin wannan kifi, Japan kuwa tun 2018 ta hana shigo da shi. Yana cin ƙananan kifaye, su kuwa masuntan Kogin Yobe da fadamar Haɗeja zuwa Nguru da kifin nan suke ciyar da iyali.

Mutumin Gadaka na sallame shi da shawarar ya sauya rabin ruwan a ranar, ya rage abinci, ya nemi mai babban tanki ya ba shi kifin tun bai girma ba. Na ce in yara na son kallo, ya fara musu da ƙananan kifayen ado a tanki mai lita 100. Kai ma in sha'awar ta taso, fara daga nan.