Ba Kowane Yaron Gidan Marayu ne Maraya ba

Mutane da yawa sun yarda cewa ma'auratan da suka taso daga Amurka ko Turai suka je Habasha ko Malawi suka ɗauko yaro daga gidan marayu, ceto suka yi tsantsa. A cewarsu yaron ba shi da kowa, su kuwa sun kashe kuɗi, sun jure zirga-zirgar kotu, har sun zauna makonni suna koyon al'adun ƙasar don kada ya tashi bai san asalinsa ba.

Ra'ayin yana da madogara. Yawancin masu wannan tafiya da zuciya ɗaya suke yin ta, kuma akwai yaran da ba su da mai riƙe su da gaske, musamman masu naƙasa ko doguwar jinya, waɗanda sabon gida ya zame musu rahama. Kuskuren yana wurin ɗauka cewa duk yaron da aka samu a gidan marayu haka yake.

A watan Oktoba na 2007 aka kama ma'aikatan wata ƙungiyar agaji ta Faransa, L'Arche de Zoé, a garin Abeche na Chadi, suna shirin fita da yara 103 a jirgin sama da sunan marayun Darfur. Da aka bincika, sai ga shi mafi yawansu 'yan Chadi ne masu uwa ko uba ko dangi a raye. Ko yaron da mawaƙiya Madonna ta ɗauka a Malawi a 2006, mahaifinsa yana da rai. Uwar ce ta rasu, shi kuwa ba shi da halin ciyar da jariri. Talauci ne ke kai yara da dama waɗannan gidaje, ba mutuwar iyaye ba.

Batun sanin al'ada ya fi damuna. Baƙon da ya sauka Addis Ababa zai ci injera, a soya masa gahawa a gabansa, a turara lubban, ya sha zagaye uku kamar yadda aka saba, ya sayi farar rigar saƙi ya tafi da ita. Duk wannan abin yabo ne. Amma al'adar da ta fi shafar yaron ba a kan faranti ake kawo ta ba. A ƙauyukan Habasha, kamar a ƙasar Hausa, ba da yaro riƙo ba rabuwa ba ce. Mu mun san 'yar riƙo: gwaggo ce ta raine ta, ita ta aurar da ita, amma ubanta na nan, tana zuwa gida da salla, gadonta kuma bai faɗi ba. Musulunci ma ya kwaɗaitar da renon maraya, ya hana a jingina shi ga wanda ba ubansa ba. Iyaye da yawa da wannan fahimtar suka dangwala yatsa a takarda, wasu ma dillalai sun gaya musu karatu yaron zai je ya dawo. Alhali a dokar Amurka alaƙar ta yanke ke nan: sabuwar takardar haihuwa, sabbin iyaye. Ɓangarorin biyu sun sa hannu a takarda ɗaya, kowa da abin da yake nufi.

Za a ce ai kotu ta tantance. Kotu takarda take dubawa, takardar kuwa sau da yawa daga hannun masu cin riba take fitowa. Inda kowane yaro ke jawo dubban daloli, ba za a rasa mai mayar da uwa rayayya mamaciya da alƙalami ba. A 2010 kaɗai yaran Habasha sama da 2,500 aka kai Amurka. Bayan rahotannin takardun jabu, da mutuwar wata yarinya 'yar shekara 13 a hannun mariƙanta a jihar Washington a 2011, majalisar Habasha ta haramta kai yara waje gaba ɗaya a Janairun 2018.

Yarjejeniyar Hague ta 1993 ta riga ta tsara abin daki-daki: a fara ƙoƙarin barin yaro wurin iyayensa ko danginsa, in ya gagara a nema masa gida a cikin ƙasarsa, sai an rasa duka a duba ƙetare. Mai niyyar tafiya ya nemi ganin dangin yaron da idonsa, da tafinta wanda ba na dillalin ba, ya tambaye su ko sun san cewa yaron ba zai dawo ba.