Yadda sabbin kayan ɗaki ke gurɓata iskar ɗakin kwana a lokacin hunturu

A watan Disamba, lokacin da bukukuwan aure ke yawaita a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa, abubuwa biyu kan haɗu a ɗaki guda: sabbin kayan amarya, da tagogin da aka rufe ruf saboda sanyi da ƙura. Abin da jama'a ke kira ƙamshin sabon ɗaki tururin sinadarai ne da ke tashi daga fenti da gam da katako.

Mafi shahara a cikinsu shi ne fomaldihaid, wanda da shi ake haɗa ruwan fomalin na adana gawa. Yana fita ne daga gam ɗin da ake matse garin katako da shi wajen yin allon da kafintoci ke kira MDF, wanda yawancin gadaje da durowoyin zamani ke ɗauke da shi. A 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ke haddasa cutar, sannan a 2010 hukumar ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita ɗaya ta iska, wato cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare.

Tun da na'urar awo ba ta samuwa a kowane gida, masana kan yi amfani da lissafi. Ana ɗaukar ɗaki tamkar akwati, a raba abin da kayan ke fitarwa a awa guda da yawan sabuwar iskar da ke shigowa a wannan awar.

A ƙaddara ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3. Cikinsa mita 36 ke nan. A ƙaddara kuma kayan na fitar da miligiram 2 a awa. Idan ɗakin a rufe yake, rabin iskarsa kawai ke sauyawa a awa, sakamakon zai kai 0.11, ya zarce ƙa'ida. Idan aka buɗe taga har iskar ta sauya sau biyu a awa, sai ya sauka ƙasa da 0.03, alhali ba a fitar da ko kujera ɗaya ba.

Sai dai lissafin yana da giɓi. Yana ɗauka cewa iska ta gauraya daidai a ko'ina, alhali mai kwana da kansa jikin allon gado ya fi kowa shaƙa. Katifa da labule da kafet kuma sukan tsotse tururin su riƙa sakinsa daga baya. Zafi da laima suna ƙara saurin fitarsa, abin lura ga kudancin Kaduna da ke samun ruwan sama fiye da Zariya ko Kano, musamman a ɗakunan da kwano ke gasawa da rana.

A kan wannan ne ake ƙara turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, wasu ma har da Sniper, maganin ƙwarin gona da hukumar NAFDAC ta hana sayarwa a kasuwannin fili a 2019.

Alamun farko su ne raɗaɗin ido da ƙaiƙayin maƙogwaro da ciwon kai, waɗanda akan jingina wa hunturu. Tururin ya fi yawa a makonnin farko, don haka ana ba da shawarar a jera kaya tun kafin kai amarya, a bar durowoyi da tagogi a buɗe da rana.