Man Cire Gashi: Yadda Suna Ke Ƙona Ƙafafun Matanmu

Mai karatu, daga cikin kayan kwalliyar da suka shigo ƙasar Hausa a shekarun baya-bayan nan akwai wani da ba a cika kiran sunansa a bainar jama'a ba, alhali kuwa ya shiga akwatin lefe, ya shiga tiren 'yan koli, ya kuma kai har garuruwan da ke nesa da manyan birane. Ina nufin abin nan da ake kira man cire gashi, wanda mata ke shafawa a ƙafafu da hammata a cikin gidajensu. A da, sai a manyan kantunan Kano da Kaduna ake ganin irin su Veet da Nair. Yau kuwa, mace a Jabo ko Dogon Daji ko Sanyinna a ƙaramar hukumar Tambuwal, ko wadda ke can ƙasar Kebbe, ba sai ta je birnin Sakkwato ba kafin ta same shi, ko dai na ainihi ko kuma wani mai kama da shi wanda ba a san inda aka yi shi ba.

Ba wai ina nufin in hana kowa amfani da shi ba ne. Abin da nake son in nuna shi ne, sunan da muka laƙaba wa wannan abu shi ne farkon cutar da yake yi wa matanmu, kuma rashin bayani da Hausa a jikin kwalinsa shi ke ƙarasa ta.

Bari mu fara kawar da batun halasci, domin shi ne abin da Bahaushe kan fara tambaya. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekarar 996, wadda kuma ake karantawa a kusan kowane zauren ilmi na ƙasar nan, akwai babi a kan fiɗira. A nan aka lissafa rage gashin baki, da yanke farce, da tsige gashin hammata, da aske gashin mara, da kaciya, sannan malamin ya nuna cewa babu laifi a aske sauran gashin jiki. Gashin ƙafa na cikin wannan saura. Haka nan cire shi da wani haɗi maimakon aska ba sabon abu ba ne ga Musulmi. Littattafan fiƙihu sun san wani ƙulli da Larabawa ke kira nura, wanda ake haɗawa da toyayyen farin dutse, irin wanda ake haƙowa a Kalambaina don yin siminti, da wani sinadari mai guba da suke kira zarniki. Wasu malaman tafsiri ma, a wurin ƙissar Annabi Sulaimanu da Sarauniya Bilkisu a cikin Suratun Namli, sun kawo labarin cewa saboda gashin ƙafafunta aka fara haɗa nura, ko da yake malamai irin su Ibn Kasir sun kalli labarin a matsayin abin da aka ciro daga Banu Isra'ila. Ko ma dai yaya ne, magabata ba su kira nura da sunan mai ba. Sun ba ta sunanta na kanta, sun kuma san tana ci.

To, mu fa? Duk Bahaushen da ya ji kalmar mai, akwai hoton da ke zuwa masa a zuci. Man kaɗanya, man shanu, man gyaɗa, man alayyadi, man kitso, man basilin, dukansu abubuwa ne da ake shafawa a murza su shiga jiki, a bar su. Yawansu ba ya cutarwa, daɗewarsu a jiki kuwa ita ce amfaninsu. Uwa takan shafe jaririnta da mai ta kwantar da shi ya kwana da shi. Wannan ma'ana ta zauna daram a cikin kalmar tun kaka da kakanni, kuma ba a raba kalma da kayanta don kawai an jingina ta da sabon abu. Da muka ga farin abu mai laushi a cikin robar matsawa, an zana furanni a jikinta, sai muka ce mai ne, daga nan kuwa sai duk ɗabi'un mai suka biyo shi.

Alhali kuwa in za a nema wa wannan abu dangi a cikin sana'o'inmu, sai a tafi wurin majema. Duk wanda ya taɓa leƙa inda ake jimar fatar jan akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna har ƙasashen Turai, ya san cewa kafin a kai ga bagaruwa sai an tsoma fata cikin ruwan toka da kanwa, ta jiƙa har gashin ya saki, sannan a kankare shi. Aikin da wannan abin shafawa ke yi ke nan, sai dai shi a kan fatar mai rai yake yi. Gashi an gina shi ne da wani sinadari mai suna keratin, wanda zarurrukansa ke ɗaure da juna da ƙulle-ƙullen farar wuta. A cikin abin shafawar akwai sinadarin tayogilaikolet da ke tsinka waɗannan ƙulle-ƙulle, da kuma ruwan toyayyen dutse da ke kumbura gashin don sinadarin ya samu hanyar shiga. Wannan ne dalilin warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai da ake ƙoƙarin rufewa da turare. Masana kimiyya suna da ma'auni mai hawa 14 da suke auna tsami da kaifin kanwa da shi. Ruwan sha yana kan hawa na 7, fatar mutum tana wajen 5 da rabi, shi kuwa wannan abu yana wajen hawa na 12. Babban abin lura shi ne, saman fatar mutum ita ma keratin ce. Gashi ne dai ke riga ta narkewa. Saboda haka tsakanin cire gashi da ƙona fata babu komai sai 'yan mintoci. Wasu kamfanonin kan rubuta minti 3 zuwa 6, wasu 5 zuwa 10, kuma duk wanda na duba a cikinsu ya yi kashedin kada a wuce abin da ya rubuta.

Na ga yadda wannan ke aukuwa da idona a Jabo, lokacin da nake tattara kalmomin kwalliya da gyaran jiki na Sakkwatanci daga bakin mata. Wata yarinya da ake shirin bikinta ta yaye mini zanenta, na ga ƙwaurinta duka biyu sun saɓule, sun yi baƙi kamar an ɗiga mata ruwan zafi. Ta shafa abin ne bayan sallar la'asar, ta ci gaba da aikace-aikacenta, ba ta wanke ba sai da ta tashi alwalar magariba. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce, “Malama, ai mai na. Wa ka shahwa mai shi wanke? Cewa niy yi in ya daɗe ya hi ci.” Ta ji zafi tun da wuri, amma ta ɗauka alama ce ta yana aiki. Wannan yarinya ba jahila ba ce. Ta sauke Alƙur'ani, tana karanta saƙon waya da Hausar boko ba tare da gargada ba. Da ta miƙo mini robar, sai na ga bayanin da ke jikinta da Faransanci ne da Larabci, da ƙananan haruffan da ni kaina sai da na sa tabarau.

Ba abin mamaki ba ne a ga Faransanci a Jabo. Kayan da ke shigowa wannan yanki wasu daga kasuwar Sabon Gari ta Kano suke zuwa, wasu ta Jega, wasu kuma sukan tsallako ta iyakokin Illela da Kamba daga Nijar da Binin, ga kuma tsarabar alhazai da 'yan Dubai mai rubutun Larabci. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma ta yi tashe a zamanin marigayiya Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008, ta wajabta a yi wa kayan kwalliya rajista, a kuma rubuta bayaninsu da Ingilishi. Wannan ya yi kyau, domin yana taimaka wa jami'in da ke bincike a tashar jirgin ruwa. Amma wadda za ta shafa abin a makewayi, ita kaɗai, ba jami'a ba ce. Tun a 2007 Babban Bankin Nijeriya ya ga dacewar rubuta darajar ƙananan takardun kuɗi da Hausa da Ibo da Yarbanci. Ashe takardar naira ashirin, wadda ko makaho ya san ta, ta cancanci fassara, amma abin da ke iya saɓule fatar mutum bai cancanta ba?

Wani zai ce ai matanmu sun saba da rilaksa, wanda shi ma mai kaifi ne, kuma sun iya shi. Gaskiya ne, amma a duba yadda suka iya shi. Rilaksa a tsakar gida ake sa shi ko a shagon kitso, wata ce ke shafa wa wata, ana hira, ana tambayar ko ya fara zafi, ƙanwa tana kallon yayarta tana koyo. Haka dilka da halawa, da suka zo mana daga Sudan ta hanyar Barno, suna da gwanayensu da ake biya su yi wa amare. Shi kuwa cire gashin jiki kunya ta lulluɓe shi. 'Ya ba za ta tambayi uwarta ba, matar aure ba za ta tsaya tambayar ɗan koli ba, yawanci ma yaro ake aika ya sayo a naɗe cikin baƙar leda. Inda baki ya yi shiru, rubutu kaɗai ya rage ya yi magana, shi kuma rubutun da harshen wasu yake magana.

Akwai wasu abubuwa biyu da ke ƙara tsananta lamarin a wurinmu. Na farko shi ne lokaci. Yawancin bukukuwan aure a karkara bayan kaka ake yin su, in an cire amfanin gona an samu kuɗi, wato daidai shigowar hunturu, lokacin da fata ke bushewa, kaushi da faso su bayyana. Duk inda fata ta tsage, nan sinadarin zai kutsa. Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne man bilicin. Da yawa daga cikin mayukan ƙara hasken fata suna ɗauke da sinadaran sitiroyid, waɗanda likitoci suka tabbatar suna sirantar da fata, kuma suna iya sa gashi ya yawaita a inda aka daɗe ana shafa su. Sai ka ga mace ta yi bilicin, gashi ya fito mata, ta sayo abin cire shi ta shafa a kan fatar da ta riga ta yi laushi kamar takarda, ta ƙone, ƙunar ta bar baƙin tabo kamar yadda takan yi a baƙar fata, sai kuma ta koma neman bilicin mai ƙarfi don ta goge tabon. A 2023 NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya, amma ban ji ana haɗa waɗannan abubuwa biyu a wurin faɗakarwa ba.

Game da suna, shawarata ita ce mu riƙa cewa maganin cire gashi. Kalmar magani tana tafe da nata kayan, kuma su ne muke bukata a nan. Bahaushe ya san magani yana da ƙa'ida, ya san ana tambayar yadda ake amfani da shi, ya san ana ɓoye shi daga yara, ya kuma san maganin ɓera da maganin ƙwari ba abin wasa ba ne. Na san ba a kafa wa harshe doka daga ofis. Kalmomi da dama da kwamitoci suka ƙirƙira sun mutu a cikin takarda. Amma rediyo na iya abin da kwamiti ba ya iyawa, kuma in masu shirye-shiryen mata a Rima Radiyo da sauran tashoshin Sakkwato da Kabi suka riƙe kalma ɗaya, ba za a daɗe ba za a ji ta a bakin 'yan koli. Haka malaman Islamiyyar matan aure, in sun zo babin fiɗira, ba za su rasa minti biyar na wannan bayani ba. A wannan ƙasa ce Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata da Hausa da Fulatanci, domin ta san ilmin da bai zo da harshen mace ba bai iso gare ta ba.

Fassarar kuwa ba wani babban aiki ba ne. Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko takwaransa na Jami'ar Bayero za su iya gama ta a zama ɗaya, da boko da ajami, in NAFDAC ta sa ta cikin sharuɗɗan rajista ga kayan da za a sayar a Arewa. Kamfanonin ma riba ce gare su, tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, kwali ɗaya zai yi musu kasuwa biyu. Kafin a kai ga haka, ga abin da ya kamata a ce an rubuta, wanda nake roƙon duk wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa matan gidansa:

Wannan magani ne, ba man shafawa ba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa kafin a saya. A fara gwada kaɗan a wuri ɗaya, a wanke, a jira kwana ɗaya a ga ko fata za ta yi ja ko ƙaiƙayi. A shimfiɗa shi a kan gashi, kada a murza. A duba agogon waya, kada a wuce mintocin da aka rubuta. In an ji zafi a wanke nan take, zafi ba alamar aiki ba ne. Kada a sa a fuska ko al'aura, ko inda ke da ƙurji, ko faso, ko rauni, ko fatar da ake yi wa bilicin. A wanke da ruwa zalla, kada a bi da sabulu ko turare a ranar. Kada a maimaita a wuri ɗaya sai bayan kwana uku. Mai ciwon sukari ta tambayi likita tukuna.

In kuwa an riga an ƙone, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har kamar minti 20, kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko gishiri ko toka, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti mafi kusa. Matar da kuma ta ga gashi mai kauri yana fito mata a haɓa ko ƙirji, musamman in al'adarta ta rikice, ita ba wurin ɗan koli za ta aika ba, likitan mata ya kamata ta gani, domin sau da yawa wannan alama ce ta wata larura a cikin jiki wadda ake iya yi wa magani.