Me Ya Sa Mujallar Kwalliya Ta Takarda Ta Ƙi Mutuwa?

Duk wanda ya leƙa shagunan teloli a Gyaɗi-Gyaɗi, Court Road ko kasuwar Tarauni zai ga kowa da waya a hannu, ana zaɓen ɗinki daga Instagram da TikTok. Amma a wasu shagunan har yau akwai tsohuwar mujallar ɗinki a kan benci, bangonta ya sha hannu, ga fastar sitayil manne a bango. Me ya hana su ɓacewa?

Dalili na farko shi ne gajiya. Waya ba ta da shafin ƙarshe. Ka shiga neman ɗinkin Sallah guda ɗaya, sai ka farga awa biyu ta wuce, data ta ƙare, caji ya yi ƙasa, ido na yaji, kuma ba ka zaɓi komai ba. An ƙera manhajojin ne don su riƙe ka, domin daɗewarka a ciki ita ce ribarsu ta talla. Ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Ita kuwa mujalla, sau ɗaya ake saye, ba ruwanta da NEPA, kuma edita ya riga ya tace maka.

Na biyu ya shafi aljihu kai tsaye. Allon waya haske yake fitarwa, shi ya sa kala ke sauyawa daga wannan waya zuwa waccan, balle an sa filta. Takarda tawada ce, kamar yadda atamfa rini ce, don haka abin da ido ya gani ya fi kusa da abin da za a samu a Kantin Kwari. Yanzu ma har hotunan da AI ta haɗa suna yawo, riguna masu kyau waɗanda ba keken da ya taɓa ɗinka su. Daga nan rigimar "ba haka na nuna maka ba" take farawa, bayan an yanka leshi mai tsada. Hoton mujalla babba ne; tela zai ajiye shi gefen keke ya duba wuya, hannu da aiki a nutse.

Na uku, tarihi. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a 1999 ta harkar finafinai ce, amma tsofaffin kwafinta sun adana yayin ɗaurin ɗankwali da ɗinkunan wancan lokaci. Haka Ovation ta Dele Momodu, wadda ta fito a 1996, teloli da yawa daga hotunan bukukuwanta suka riƙa kwafo sitayil. Mujallar Tozali, da Tambari ta jaridar Daily Trust, su kuma suka ba kwalliyar Arewa fili: lalle, shadda, kayan amare. Hoton status kuwa awa 24 ne, ya tafi.

Ba a nan kaɗai ba ne. A Amurka mujallar Nylon ta daina bugawa a 2017, sai ga shi ta dawo kan takarda a 2024.

Sai dai fa a faɗi gaskiya, takarda ba za ta kori waya ba. Yawancin takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, dala ta tashi, kuma ɗalibin da ke lissafin kuɗin adaidaita da handawut ba zai sayi mujalla duk wata ba. Sabon yayi ma a waya yake fara fitowa.

To ina mafita? 'Yan uwa masu karanta Fashion Design, ku buga hotunan ɗinkunanku ku haɗa kundi. Kwastoma ya fi yarda da aikin da ya riƙe a hannu. Ga 'yan Printing da Mass Comm a makaranta ɗaya, me zai hana a haɗa kai a fitar da 'yar mujallar kwalliya ko da sau ɗaya a shekara? Masu kai ɗinki kuma, kafin almakashi ya taɓa yadi, a buga hoton a ba tela, kowa ya riƙe kwafi.