Saƙon Waya da Shan Maganin Ƙanjamau: Bayani ga Hakimai da Malamansu

A cikin shekarar 1986 aka fara ba da labarin samun cutar ƙanjamau a Nijeriya. A wancan zamani wanda likita ya ce yana da ita sai danginsa su fid da rai, ba kuwa za a ga laifinsu ba, gama babu abin da za a ba shi. Yanzu al'amarin ya sake. Gwamnatin Tarayya ta soma ba da magani a 2002, daga 2006 kuma ta mai da shi kyauta. Binciken da aka bi gida gida aka yi a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar cutar a ƙasar nan. Saboda haka da wuya a sami Hakimin da babu irin waɗannan bayin Allah cikin talakawansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Maganin nan ba ya kashe ƙwayar cutar ƙurmus. Danne ta yake yi, ya hana ta hayayyafa cikin jini. Yawancin masu sha a yau ƙwaya ɗaya tak suke haɗiya a yini, wadda aka haɗa magunguna uku a cikinta. In mutum ya riƙe shan ta kullum ba fashi, cikin 'yan watanni cutar takan ragu har awon jini ya kasa ganinta. Sa'an nan ya yi nomansa, ya yi fataucinsa, ba kuwa zai sa wa matarsa ta wajen kwanciya ba muddin tana danne. Amma in ya sha yau ya bari gobe, sai ƙwayar ta farfaɗo, tana kuma iya sabawa da maganin har ya daina cin ta, kamar yadda manoma suka san ƙwarin da suka saba da feshi. Daga nan sai a koma neman wani magani dabam, wanda ya fi tsada, ya kuma fi wuyar samu.

Ba taurin kai kaɗai ke sa mutane fashi ba. Wani mantuwa ce. Wani ya tafi cin rani, magani ya ƙare masa a baƙon gari. Wani ya ji ƙarfin jikinsa ya komo, sai ya zaci ya warke. Wata kuwa kunya ce, ba ta son kishiya ta ga kwalbar. Malamin asibiti ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin mai magani yakan yi wata ɗaya, ko uku, ko fiye, bai komo gabansa ba. Wannan tazara ita ce likitoci suka nemi su cike da wayar hannu, ta hanyar gajeren saƙon nan da ake kira kar-ta-kwana.

A ƙasar Kenya aka yi gwajin da ya fi suna. Ana ce da shi WelTel, wani likita mai suna Richard Lester da abokan aikinsa suka bi da shi, aka buga sakamakonsa a 2010. An ɗauki mutum 538 waɗanda suke fara shan magani a asibitoci uku, biyu a birnin Nairobi, ɗaya a Kajiado, ƙasar makiyayan Masai. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka bar su bisa kulawar da aka saba. Ɗaya kashin kuwa, kowace Litinin da safe ma'aikacin jinya yakan aika musu da kalma guda da harshen Suwahili, “Mambo?”, watau yaya dai. Wanda yake lafiya ya amsa da “Sawa”. Wanda wani abu ya dame shi ya amsa da “Shida”, watau akwai damuwa. Duk wanda ya ce akwai damuwa, ko ya yi kwana biyu bai amsa ba, sai ma'aikacin ya buga masa waya ya ji abin da ke ciki.

Bayan shekara guda aka duba. Cikin masu samun saƙo, kashi 62 cikin 100 suka riƙe shan magani yadda ya kamata, cikin sauran kuwa kashi 50. Da yake baki yana iya faɗin abin da ba haka ba, aka auna jininsu kuma. Aka tarar cutar ta danne a jikin kashi 57 na masu samun saƙo, na sauran kashi 48. Ratar ba ta cika ido ba ga mai karatu da sauri, amma malamin da ya saba da lissafin haraji ya san abin da 9 cikin 100 yake zama in an kai ga dubbai.

A lura da abu ɗaya. Saƙon nan bai ambaci cuta ba, bai ambaci magani ba, bai ma ce a tuna da kome ba. Gaisuwa ce kurum, irin wadda maƙwabci zai yi ta kan danga.

Wani gwajin kuma aka yi a ƙauyen Chulaimbo, yammacin Kenya, aka buga shi a 2011, da mutum 431. Can an ba su kwalabe masu murfi na musamman, wanda ke rubuta kowane lokacin da aka buɗe shi. Waɗansu aka riƙa aika musu da tuni kullum, waɗansu sau ɗaya a mako, waɗansu ba a aika musu ba sam. Mai hankali zai zaci na kullum za su fi, amma ba haka ta kasance ba. Cikin na mako mako kashi 53 cikin 100 suka sha aƙalla tara cikin goma na maganinsu, cikin waɗanda ba a aika wa ba kashi 40, na kullum kuwa ba su bambanta da waɗanda ba a aika wa ba. Dogon saƙo mai kalmomin ƙarfafa zuciya shi ma bai fi gajere ba. Ga alama abin da ido ya cika gani ba ya ƙara lura da shi, kamar maroƙin da ke zuwa ƙofar fada kowace safiya.

Kada kuma a ɗauka ko'ina aka gwada an dace. A babban asibitin Yawunde ta Kamaru an aika wa mutane saƙon ƙarfafawa mako mako har wata shida, cikin mutum 200 da aka raba biyu, ba a ga wani bambanci ba da aka buga sakamakon a 2012. A kudancin Indiya ma an gwada tuni ta waya wanda na'ura ke aikawa, a 2014 aka ba da labarin bai ƙara kome ba. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna shaidun da ke hannunta, ta sa saƙon waya cikin shawarwarinta na 2013. In aka jera gwaje-gwajen nan aka duba, abin da ya fi kama hankali shi ne, saƙon da ya fi amfani shi ne wanda akwai mutum a bayansa, mai jiran amsa, mai kira in ya ji shiru. Asibitin da ya sayi na'urar aika saƙo bai ajiye ma'aikacin da zai bi amsoshin ba, rabin aikin ya yi.

Saura maganar asiri, ita ce kuwa ta fi shafar Hakimai. A ƙauye waya ɗaya takan zama ta gida duka. Takan wuni a shagon mai caji, a hannun yaron da ba a san cikinsa ba. Wanda bai yi karatun boko ba, in saƙo ya shigo, sai ya miƙa wa ɗansa ko wani malami ya karanta masa. Kalma ɗaya da ta ambaci cutar tana iya kashe aure, ko ta sa a ƙaurace wa rumfar mutum a kasuwa, daga nan kuwa sai ya bar zuwa asibiti gaba ɗaya, abin da aka gudu ya auku. Don haka ba a sa kowa cikin wannan tsari sai da yardarsa, a kuma tambaye shi ko shi kaɗai ke riƙe da wayar, da harshen da yake so, da lokacin da ya fi masa. Dokar Tarayya ta 2014 ta hana a tsangwami mai ɗauke da cutar, ta kuma hana a tona asirinsa ba da izininsa ba.

Ba a neman Hakimi ya san sunayen masu karɓar magani a ƙasarsa, bai ma kamata ya nema ba, ko da da kyakkyawan nufi ne. Abin da ke hannunsa ya fi wannan. In ya faɗa a gaban Dagatai da Masu Unguwa da limamai cewa mai shan maganin nan daidai yake da mai shan maganin hawan jini, maganar za ta kai inda ta malamin asibiti ba ta kaiwa. Malamin Hakimi kuwa, da yake shi ake kawo wa takarda da waya a karanta, in ya ci karo da saƙon asibiti sai ya karanta wa mai shi a keɓe, ya bar maganar nan inda ya same ta.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ya kyautu a riƙa shela a kansu ba tare da nuna kowa ba. Wanda ya sake lambar waya, ko layinsa ya ɓata, ya sanar da asibitinsa, kada saƙo ya riƙa faɗawa hannun wani. Mai shirin cin rani ko doguwar tafiya ya je tun da wuri a ba shi maganin da zai ishe shi, a kuma rubuta masa takardar da zai nuna a asibitin garin da za shi. In azumi ya gabato, kada mutum ya yanke wa kansa hukuncin barin magani. Ya tambayi malamin asibiti, a duba ko za a mayar masa da lokacin sha zuwa bayan buɗa baki, a mayar da lokacin saƙon ma ya dace da shi.