Jirgin ƙasa mai tsananin gudu: Wace riba mutumin Kanya Babba zai ci idan aka zuba masa dukiyar jama'a?

Tun da aka fara shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa ta Kazaure, maganar jirgin ƙasa ta dawo bakin 'yan kasuwa da ma'aikata a arewa maso yammacin Jigawa. A gefe guda kuma ana ta jin labarin wani jirgin na daban, mai tsananin gudu irin na Japan da Sin da Maroko, musamman bayan da wata haɗakar kamfanoni ta gabatar wa Gwamnatin Tarayya shirin gina irinsa a 2025 a kan dala biliyan 60. Ko da an ce kuɗin 'yan kasuwa ne, aiki irin wannan ba ya tashi sai gwamnati ta ba da fili, ta tsaya lamuni ko ta yi rangwamen haraji. Don haka mai biyan haraji a Kanya Babba, cikin Ƙaramar Hukumar Ɓaɓura, yana da haƙƙin ya san abin da za a saya da sunansa.

Jirage biyu ne, ba ɗaya ba

A ma'aunin da duniya ta saba da shi, ba a kiran jirgi mai tsananin gudu sai yana cin kilomita 250 zuwa sama a awa ɗaya a kan sabon layin da aka gina dominsa. Da lantarki yake aiki, layinsa a killace yake, ba ya son lanƙwasa, kuma fasinja yake ɗauka, ba buhunan hatsi ba. Japan ce ta fara shi a 1964 tsakanin Tokyo da Osaka, Faransa ta biyo baya a 1981 tsakanin Paris da Lyon. A Afirka, Maroko ta buɗe nata mai suna Al Boraq a Nuwamban 2018, ya rage tafiyar Tanja zuwa Kasablanka daga kusan awa biyar zuwa awa biyu da 'yan mintoci.

Layukan da Najeriya ta gina a shekarun nan ba su cikin wannan aji. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, na zamani ne, amma da man dizal jiragensu suke tafiya, gudunsu kuma bai wuce kilomita 150 a awa ba. Na Kano zuwa Maraɗi ma danginsu ne. Tsawonsa kimanin kilomita 284, an bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Portugal kwangilarsa a kan kusan dala biliyan 1.96, aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, tare da reshe zuwa Dutse, kuma an tsara shi ne domin mutane da kaya.

Abin da gudu yake ci

Wani nazari da Bankin Duniya ya fitar a 2014 ya nuna cewa a ƙasar Sin, inda aikin ya fi araha, kowace kilomita ɗaya ta layi mai tsananin gudu tana cin dala miliyan 17 zuwa 21, a Turai kuwa miliyan 25 zuwa 39. Idan aka ɗauki farashin Sin, layi mai tsawon kilomita 1,000 zai lashe dala biliyan 17 zuwa 21, wato kusan ninki tara zuwa goma sha ɗaya na kuɗin kwangilar Kano zuwa Maraɗi. Kuma kuɗin gini ke nan kawai, ban da na gyara, albashi, tsaro da ruwan bashi.

Ƙasashe masu arziki ma sun sha ɗanɗana kuɗarsa. A Oktoban 2023 gwamnatin Birtaniya ta soke ɓangaren layinta na HS2 da zai tashi daga Birmingham zuwa Manchester, saboda kuɗin ya zarce abin da aka ƙiyasta nesa ba kusa ba.

Inda yake biyan kansa

Jirgi mai tsananin gudu yana da amfani na gaske, amma da sharuɗɗa. Na farko, ya haɗa manyan birane masu ɗimbin jama'a da ke da tazarar ɗaruruwan kilomita, inda mota ta yi jinkiri, jirgin sama kuma bai rage wani lokaci mai yawa ba. Na biyu, a samu fasinjoji masu yawa da za su iya biyan tikiti mai tsada kowace rana, ba ranar sallah kaɗai ba. Na uku, wutar lantarki marar yankewa. Na huɗu, tsaro a kan kowace kilomita.

Sharaɗi na farko yana iya cika tsakanin Legas, Abuja da Kano. Sauran ukun ne ke da wuya. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 ya tsayar da zirga-zirga har zuwa Disamban shekarar, alhali bashin da aka ci don gina layin bai daina ƙirga kwanaki ba.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙananan garuruwa kai tsaye. Jirgin da aka gina don gudu ba ya yawan tsayawa, domin kowace tsayawa tana cinye lokacin da aka kashe biliyoyi don a rage. Ke nan ko da ya ratsa gonakin Roni ko Gwiwa, wucewarsa kawai manomi zai gani.

Darasin tsohon layi

Tarihin yankin ya nuna inda albarkar layin dogo take. Da jirgi ya iso Kano a 1911, ba gudunsa ne ya tada dalar gyaɗa ba, arahar dako ce ta sa noman gyaɗa ya zama sana'ar kuɗi. Reshen Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930 ya raya garuruwa irin su Malam Madori, saboda jirgin yana tsayawa, ana yi masa lodi.

Bukatar yau ba ta sauya sosai ba. Manomin Kanya Babba yana da riɗi, zoɓo, gero, wake da dabbobi. Kayansa sukan bi hannun dillalai zuwa kasuwar Dawanau, daga nan tirela ta ɗauki na fitarwa zuwa tashar ruwa ta Legas. Tsadar mai, lalacewar hanya da kuɗin shingaye duk daga farashin da ake ba shi a gona ake cire su. Riɗi ba ya gaggawa. Ko ya isa Apapa cikin awa shida ko kwana biyu, abin da ya dami fatake shi ne nawa aka biya a kan kowane buhu.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe

Saboda haka ribar layin Kano zuwa Maraɗi ta rataya ne a kan wasu ayyuka marasa ƙyalli. Sai an kammala layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021, an kuma cike giɓin da ke tsakanin Ibadan da Abuja, kafin kaya su tafi daga Kazaure zuwa teku a kan sabon layi ba tare da sauke-sauke ba. Sai an tanadi taragun kaya, rumbuna da wurin lodi a tashoshi, an haɗa su da tashar tsandauri ta Dala da ke Kano. Sai an gyara hanyoyin karkara da za su kai kaya daga Ɓaɓura, Roni da Gwiwa zuwa tashar Kazaure ko ta Dambatta. Sai kuma an samu daidaito da Nijar, domin rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna yadda siyasa take iya tsayar da fatauci dare ɗaya.

Hausawa suka ce daidai ruwa, daidai tsaki. Jirgi mai tsananin gudu yana iya zama abin dubawa nan gaba, idan wuta ta tsaya da ƙafarta, fasinjoji suka yawaita. A yanzu dai kowace dala da aka ranto tana da gurbin da ya fi bukatarta. Duk lokacin da aka zo da sabon alƙawarin jirgi, tambayoyi huɗu sun ishi ɗan kasuwa da ma'aikaci: wa zai biya bashin, a ina jirgin zai tsaya, me zai ɗauka, kuma nawa zai rage a kuɗin dakon buhu guda.