Mece ce ƙanƙarar da ke kwantai a kan duwatsu?

Dusar ƙanƙarar hunturu ce da ke taruwa a saman dutse, ta ƙi narkewa har watan Afrilu ko Mayu, alhali a ƙasa gari ya fara ɗumi. Dalili kuwa, duk hawan mita 1,000 sanyi yakan ƙaru da kusan digiri 6.5. A arewacin duniya, gangaren da ke fuskantar arewa ma rana ba ta cika dukansa ba.

Ɗauki Dutsen Tubkal na Maroko, mai tsayin mita 4,167. Mai hawa zai bar ƙauyen Imlil da riga mara nauyi, washegari ya tarar da ƙanƙara ta binne hanya. Da asuba tana da tauri da santsi kamar gilashi. Da rana ta take sai ta yi laushi, ƙafa ta nutse har gwiwa, wani lokaci rafi na gudu a ƙarƙashi.

Sababbin shiga ta fi rutsawa da su. Ana buƙatar ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi, gatarin ƙanƙara, rigar sanyi, da baƙin tabarau, don hasken da ke tashi daga dusar yana ƙona ido. Sammako dole ne, kuma a Tubkal ba a hawa sai da ɗan jagora.